Balbelun Tudun Hatsi

Shekarar da wake ya yi daraja
Bappa Gidado ya yi 'yan'uwa.
Da can shi kaɗai yake ɗinkin buhu a Tudun Hatsi,
basilla a baki, zufa har ƙugu,
ba mai ce masa sannu sai mai kunun gyaɗa,
ita ma don tana bin sa na jiya.

Sai ga tirela uku sun nufi Kudu da sunansa.
Kafin su juyo an gano masa dangi a Kumo,
wani ya tuna sun yi ƙwallo tare a Bolari,
wani ya rantse kakarsa ce ta yanke masa cibi.
Ni ina tsallaken titi ina wankin hula,
kaina a ƙasa, kunnena a tsaye.

Hulunansu duk ta hannuna suke bi.
Na san ta Manu Dogo, mai dariya tun ba a kai ƙarshen zance ba,
na san ta Bakoji, mai buɗe ƙofar mota,
wanda ke rungume wayar Bappa kamar jinjirin da aka ba shi riƙo.
Ta Yerima kuwa aro ce,
duk Juma'a sai ta canja kai.

Bappa ya yi tari, su ce hikima.
Ya ce ana zafi, su fara fifita,
ya ce a'a, sanyi ne, su nemi mayafi.
Ran da ya ce Kaltungo tana arewa da Dukku
ba wanda ya ɗaga ido,
tiren gasasshen nama yana tsakiya.

Sannan damina ta yi kyau, abin da ba a shirya masa ba.
Farashi ya sauko kamar guga ya tsinke,
ƙwari suka shiga sito, suka yi wata biyu suna walima.
Aka buɗe buhu, sai gari da ɓawo.
Banki ya aiko yaro da takarda,
motar ta tafi, ba a ga ƙeyarta ba.

Tabarmar ƙofar gida ta fara yi wa mutane yawa.
Manu ya ce ƙafa ke damunsa,
amma ƙafar tana kai shi Pantami
gidan wani sabon dillalin filaye.
Bakoji ya gan shi a Jekadafari, ya duƙa yana gyara takalmi
har Bappa ya wuce.
Dangin Kumo sun koma bincike,
sun ce ashe suna ne ya zo ɗaya.

Ni ban daina zuwa ba.
Bayan magariba nake kai masa hularsa,
na wanke, na buga, na ƙi karɓar ko sisi.
Mu zauna mu biyu da fitila da sauro,
yana ba ni labarin da na ji sau goma.
Unguwa ta ce, ga ɗan halak,
ga wanda bai san maiƙon hannu ba.
Matata ma ta yarda.

To, bari in faɗa tunda takarda ba ta da baki.
Wata rana da yana kan ganiyarsa
ya ce zai kama mini shago a bakin kasuwa,
mai ƙofar ƙarfe da wuta.
Kuma na ji, don kunnena bai taɓa kwanciya ba,
akwai riɗi buhu ɗari biyu a Bajoga
da banki bai san da zamansa ba.
Riɗi kuwa ba ya daɗewa a ƙasa.

Su Manu gaggawa ce ta yi musu yawa,
ni tukunyar gobe nake wankewa.

Jiya da la'asar a hanyar Dadin Kowa
na ga balbela tana bin wata ramammiyar saniya,
taku ɗaya, taku ɗaya, ba ta gajiya,
tsaf da ita kamar hular da na gama bugu.
Na ce mata, sannu 'yar'uwa.
Duk mai wucewa yana cewa fara ce,
ni da ita mun san fara take bi.